911 ɗina tana saki a hawa, an ce sai an cire babban famfo. Ina neman shawara

Mai Doya: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masana injin gas ku taimaka min. Ina da Marsandi 911, injin OM352 marar tobo, da ita nake ɗauko doya daga Lafiya zuwa Jos da Bauchi. Tun shigowar kaka ta ɓullo da wani hali. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau take tafiya ko da lodi, amma da an kama hawa sai ƙarfi ya tafi. Ka taka totur har ƙasa ba ta amsawa, injin yana kamawa yana saki. A Hawan Kibo mutuwa ta yi mana gaba ɗaya, sai da yaro ya diro ya sa weji. Muka buga famfon hannu ta tashi, muka lallaɓa da giya ɗaya har muka haye. Da safe ma ba ta tashi sai an buga famfon hannu. Mun canza filtocin gas duka biyu, ba abin da ya sauya. Yanzu bakanikena ya ce a cire babban famfo, wato mai tura gas cikin injin, da nozul shida masu fesa shi, a kai wa masu saiti, kuma kuɗin da aka yanka min ya kusa cinye ribar kakar. In cire ko in dakata?

Ɗan Panteka: Wa alaikumus salam. Alhaji cire kawai. Motar da ta girmi rabin mutanen gidan nan, ai filanjojin famfo, 'yan fistin ɗin nan masu tura mai, sun gaji. Duk wata dabara ɓata lokaci ce, ƙarshenta can za ka koma.

Bakaniken Gas: Wa alaikumus salam. Alhaji kafin a taɓa sifana, amsa min abu uku. Lokacin da take saki a hawan, wane irin hayaƙi ke fita a salansa, baƙi ne, fari ne, ko kusan babu? Na biyu, in ta yi zafi ka kashe ta, kana kunnawa take tashi ko sai ta huce? Na uku, da kuka cire tsofaffin filtocin me kuka gani a gindin kofin?

Mai Doya: Oga, hayaƙi kusan babu. In tana sakin nan dai takan ɗan tofar da fari-fari kaɗan, shi ke nan. Da zafi kuwa bugu ɗaya take tashi. A kofin filta akwai ɗan laka da tsatsa, ba mai yawa ba.

Baba Tsohon Direba: Yaro, ka tuna Jos bisa dutse take, tsayinta ya kai mita 1,200. Injin da ba shi da tobo in ya hau can dole numfashinsa ya ragu, iskar ba ta da kauri. Tun muna jan waɗannan motoci sababbi muke shiga Hawan Kibo da ƙaramar giya. Ga kuma ƙurar hunturu, ka duba filtar iska tukuna.

Bakaniken Gas: Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce amma ba ita ce ta motar nan ba. Injin gas in iska ta yi masa kaɗan, man da aka zuba masa ba ya ƙonewa duka, sai ka ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayan mota. Haka ma in nozul na zubar da mai ba feshi ba. Shi kuwa Alhaji ya ce ba hayaƙi. Ƙarfi ya tafi kuma salansa fes, wannan injin yunwa yake ji, mai ne ba ya isa gare shi.

Ɗan Panteka, kai kuma ga abin da ya sa ban yarda da filanja ba tukuna. Famfon da filanjojinsa suka cinye, da zafi yake ba da wahala, domin gas in ya yi zafi yana tsinkewa ya zurare ta gefen filanja. Irin wannan motar da safe takan tashi, amma in an tsaya shan shayi a hanya sai an tura. Ta Alhaji akasin haka take yi. Da zafi bugu ɗaya, da safe sai an buga famfon hannu. Ma'ana cikin dare man da ke layi yana sulalewa ya koma tanki, iska ta maye gurbinsa.

Ɗan Panteka: To ai ana iya samun duka biyun.

Bakaniken Gas: Ana iya samu. Amma ɗaya gwajinsa jarka ce da tiyo, ɗayan kuma sai an sauke famfo an sake saita tayimin. Wanne ya kamata a fara?

Ɗalibin Poli: Oga don Allah a yi mana bayanin yadda man ke tafiya tun daga tanki. Mu a aji zane kawai muke gani, ba mu taɓa kwance na gaske ba.

Bakaniken Gas: To ƙanena, saurara, Alhaji ma zai amfana. A wannan injin hanyar mai kashi biyu ce. Akwai ɓangaren ƙaramin furesha, akwai na babba.

Daga tanki akwai bututun ƙarfe da ya nutse har kusa da gindi. Daga nan mai ya bi layi ya zo ƙaramin famfo, wanda ke manne a gefen babban famfon Bosch, kuma sandar cikin babban famfon ce ke buga shi. A ƙasansa akwai 'yar kwalba mai rariya a ciki, a samansa kuma famfon hannun da kuke bugawa. Cikinsa fistin ne guda da sifirin, da ƙananan bawul biyu, ɗaya na zuƙa ɗaya na turawa. Shi ke zuƙo mai daga tanki ya tura shi cikin filtoci, daga filtoci ya cika ramin da ke cikin babban famfo inda filanjoji shida ke ɗiba. A ƙarshen wannan hanya akwai wani bawul da mutane ba sa kulawa da shi, bawul ɗin ritan. Kamar noti yake, ciki da ɗan ƙwallo ko ɗan fistin da sifirin. A wasu motocin yana jikin babban famfo, a wasu yana kan murfin filta. Aikinsa ya riƙe mai a ramin nan a kan kamar bar 1 zuwa 1.5 (bar ma'aunin furesha ne), abin da ya haura ya sake shi ya koma tanki.

Daga filanja zuwa nozul kuma wata duniya ce daban, can ana maganar kusan bar 200. Amma filanja ba ya ƙirƙiro mai. Abin da ya tarar a ramin shi yake turawa. A silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, ko a miƙaƙƙiyar hanya kaɗan yake ɗiba, ko furesha ta yi ƙasa ba za ka gane ba. Da ka kama hawa ka buɗe totur, kowane filanja na neman cikakken rabonsa a ƙiftawar ido, in ramin bai cika da ƙarfi ba sai ya ɗebi rabi, wani lokaci ya haɗa da kumfa. Shi ne kamawa da sakin da Alhaji ke ji.

Na Maraɗi: Salamu alaikum. Ni nawa zargin gazuwal ɗin ne, wato gas ɗin kansa. Mu nan mun sha ganin wanda aka sirka da kananzir, ko na durom da ruwa ya kwanta a ƙasansa. Alhaji ina kake shan mai?

Mai Doya: Gaskiya ina haɗawa. In na samu a gidan mai in sha, in dare ya yi a hanya kuma sai na 'yan bumburutu.

Na Maraɗi: To ka gani. Ruwa in ya zauna a tanki, tsakaninsa da gazuwal wani baƙin yauƙi ke tsirowa, shi ke toshe rariya. Ka zuba mai a kwalba fara ka ajiye ta kwana, in akwai ruwa za ka gan shi a ƙasa.

Ɗalibin Poli: Ƙari a kan maganar Malam Na Maraɗi, an koya mana cewa tazarar da ke tsakanin filanja da gidansa 'yan maikiron ne kawai, kuma gas ɗin da kansa ke zame masa man shafawa. Kananzir ba shi da wannan santsin. Masu famfo mai juyawa irin na tsohuwar Hilux sun fi shan wahala, don su duk cikin famfon gas ne ke shafe shi.

Bakaniken Gas: Haka ne, kuma Alhaji ya kamata ka rage na bakin hanyar nan. Amma mugun mai in ya yi ɓarna, ta toshewa ko cinye ƙarfe yake yi, kuma gwajin da zan faɗa zai nuna mana in toshewa ce.

Ka samo jarka mai lita 20 ka cika da gas mai kyau. Ka cire tiyon da ke shiga ƙaramin famfo daga tanki, ka sa wani sabo ka tsoma a jarkar. Tiyon ritan ma ka karkato shi cikin jarkar, in ba haka ba kafin ka yi nisa ta ƙare, don man da ke komawa ya fi wanda injin ke sha yawa. Sai ka fitar da iska, ka nemi hawa mafi kusa da lodi a bayanka.

Abu ɗaya da mutane ke kuskurewa: kada ka ɗora jarkar a kan rufin kai ko saman bodi. In ta fi famfo tsayi, nauyin man da kansa zai riƙa tura shi, sai raunin ƙaramin famfo ya ɓuya, ka zaci tanki ne mai laifi. Ɗaure ta daidai tsayin tanki.

Hajiya Mai Tifa: Sannunku da ƙoƙari. Ni ba bakanikiya ba ce, amma biyan kuɗin gyara ya koya min abubuwa. Akwai tifata da ta yi irin wannan, sai ta yi tafiya mai ɗan nisa ta mutu, a jira kaɗan ta tashi. An canza ƙaramin famfo, an wanke nozul, an kai babban famfo saiti, duk a banza. Ashe murfin tanki ne ya ɓace, direban ya samo wani ya naɗe bakin da leda ya ɗaure tam don kada mai ya zuba. Iska ba ta shiga tankin, mai na raguwa tankin na tsotse kansa. Ranar da aka gano, ana buɗe murfin sai da ya yi tsaki. Da aka sauke tankin kuma aka tarar da wata ledar a ciki tana yawo, in ta zo bakin bututu ta manne. Alhaji ka tambayi yaronka ko ya taɓa sa leda.

Yaron Mota: Hajiya a yi mana adalci, komai ya lalace sai a ce yaron mota 😂

Hajiya Mai Tifa: Ɗana, in ba ku ba wa ke ɗaure tanki da leda?

Bakaniken Gas: Hajiya ta kawo magana mai kyau, kuma jarkar nan za ta kama irin wannan ma. In mota ta warke a jarka, laifin na baya ne: murfi, bututun cikin tanki, ko layin da ya taho ta jikin shasi.

Mai Doya: Jama'a na dawo. Mun yi gwajin jarka kamar yadda Oga ya ce, mun ɗaure ta a gefen tanki, ritan a ciki. Murfin tankina na asali ne Hajiya, ba leda. Mun hau da lodi, ba abin da ya canza. Tana kama hawan ta fara saki kamar kullum.

Ɗan Panteka: Me na ce muku? An ba ta mai mai kyau kai tsaye ta ƙi. Saura me? Alhaji ka daina wahalar da kanka, ka kai famfo.

Baba Tsohon Direba: Kai Ɗan Panteka ka cika gaggawa, ko kana da famfon sayarwa ne?

Ɗan Panteka: Baba ko ina da shi ai ba haramun ba ne 😄 Amma gaskiya nake faɗa.

Bakaniken Gas: Jarka ta wanke tanki da layin baya, ba ta wanke kowa ba bayan su. Tsakanin jarka da filanja har yanzu akwai 'yar kwalba, famfon hannu, bawul biyu na ƙaramin famfo, filtoci, da bawul ɗin ritan. Kowannensu kuɗinsa bai kai na sauke babban famfo ba.

Alhaji yanzu ka sayo farin tiyo wanda ake ganin ciki, irin wanda magina ke duba lebur da shi. Ka sa gutsure ɗaya kafin ƙaramin famfo, ɗaya tsakaninsa da filta. Ka tayar da injin ka ɗan ba shi wuta, ka zuba ido. Na gwaji ne kawai, kada ka bar shi a jiki, zafi da gas suna busar da shi ya tsage.

Dalilin wannan gwajin shi ne, ɓangaren zuƙa ba ya yoyo a waje. Mutum zai duba ya ga ko'ina a bushe ya ce layinsa lafiya. Alhali wurin da ake zuƙa, in akwai 'yar kafa, iska ce ke shiga, ba mai ke fita ba. Kamar ka sha lemo da tsinken roba da ya huje a sama, kana zuƙa kana jin iska, lemon na zuwa kaɗan-kaɗan, kuma ba ɗigo ko ɗaya a rigarka.

Na Maraɗi: Wani abin kuma, a duba noti mai ramin nan da ke shiga ƙaramin famfo. Wasu suna da 'yar raga a ciki wadda ba kowa ya san da ita ba. Na taɓa ciro ɗaya ta toshe da zaren tsumma.

Mai Doya: Allahu akbar. Oga, tiyon farko mai ne zalla, ba kumfa ko ɗaya. Na biyun kuwa ƙananan kumfa ne ke bin juna ba tsayawa, in an ba shi wuta su ƙaru. Notin da Malam Na Maraɗi ya ce mun duba, a wanke yake.

Bakaniken Gas: Madalla. Ɓarawon yana jikin ƙaramin famfo ke nan. Wuri uku ne: robar bakin 'yar kwalba, woshoshin jan ƙarfe na notin shiga, ko famfon hannu. Famfon hannunka wane iri ne? Mai murɗawa a buɗe a buga sannan a sake murɗe shi? In kana bugawa hannunka na jiƙewa da gas?

Mai Doya: Shi ne, mai murɗawa. Kuma eh, kullum sai na goge hannu.

Bakaniken Gas: To wanda ya fitar da mai in ana bugawa, zai sha iska in injin na zuƙa, don a kan bawul ɗin zuƙa yake zaune. Kuma abin haushin, yawan bugun da kuke yi kowace safiya shi ke ƙara cinye robarsa. Ka canza shi da sabon samfurin da ba a murɗawa, dannawa kawai ake yi. Tunda za ka cire shi, bawul ɗin zuƙa na nan a ƙarƙashinsa, ɗan farin roba ne da ƙaramin sifirin, ka ciro shi da ɗan'uwansa ka duba fuskarsu. In ka ga zobe ya kwanta a jiki, canza su, ana sayar da su a saiti. Robar kwalba ma sabuwa. Woshoshin jan ƙarfe kuma kada a mayar da tsofaffi, in an taɓa matse su sun taurare. In babu sababbi a kusa, a gasa su a wuta su yi ja a bar su su huce, za su yi laushi su sake kamawa.

Yaron Mota: Oga mu in muna neman inda iska take, sassauta fayif ɗin nozul muke yi mu sa yatsa mu ji ko mai na fita.

Bakaniken Gas: Kai! Kada ka ƙara. Man da ke fita a nan yana iya huda fata ya shige cikin nama, ramin ɗan ƙarami kamar ba komai, bayan kwana biyu yatsa ya ruɓe. Duk wanda haka ta same shi asibiti zai nufa a ranar, ba gobe ba. In za ka duba, sa kwali a gaba, ido ma ka kauce. Fitar da iska kuma daga sukurun kan filta ake farawa, sannan na jikin babban famfo, fayif ɗin nozul shi ne na ƙarshe in ta ƙi tashi.

Admin: Wannan gargaɗin a karanta shi da kyau. Masu turo tallan batir a tsakiyar zancen nan kuma na goge, a kai ranar talla.

Mai Doya: Ga rahoto. Mun canza famfon hannu, bawul biyu, robar kwalba da woshoshi. Kumfa ta ɗauke ƙaf. Yau da safe ta tashi ba a taɓa famfon hannu ba, ko da yake ta ɗan ja kafin ta kama. A hawa ta daina mutuwa, sakin ma ya ragu sosai. Amma har yanzu ba ita ba ce. Inda take hawa da giya uku da, yanzu sai na dawo biyu, kuma in na daɗe a kan totur ina jin tana ɗan yin sanyi.

Ɗan Panteka: Ina nan dai ina jira.

Baba Tsohon Direba: Ni a ganina a gode wa Allah a ci gaba da aiki. Injin da aka fara ƙerawa tun 1964, lita 5.7, doki 130 ne fa duka-duka ko yana sabo. Irinsa ne ya ja manyan bas ɗin haya na molue a Legas shekara da shekaru. Ba za ka sa tsohuwa ta yi gudun budurwa ba.

Mai Doya: Baba na yarda ta tsufa, amma bara ma tsohuwar ce, kuma tana hawa da uku.

Bakaniken Gas: Yanzu lokacin gejin auna furesha ne, an gama aikin ido. Ka nemi geji wanda iyakarsa bar 4 ko kusa da haka. Kada a kawo maka na gwada baƙin mai mai bar 10, allurarsa ba za ta nuna maka bambancin rabin bar ba. In mai lambobin psi ka samu, bar 1 daidai yake da 14.5. Wanda ke da ruwa a cikin gilashinsa ya fi, don ƙaramin famfo bugu-bugu yake turawa, allura takan yi ta rawa.

Ka haɗa shi bayan filta, a mashigar babban famfo, don abin da filanja ke samu muke son sani. Ka karanta a silo, ka karanta da wuta. Sannan gwaji na biyu: injin na silo, ka matse tiyon ritan da filaya a wurin da yake roba, na daƙiƙa kaɗan kawai, idonka a kan allura.

In allura ta yi tsalle sama, ƙaramin famfo na da ƙarfi, bawul ɗin ritan ne ke sakin mai da wuri. In ba ta motsa ba ko ta hau a hankali, ƙaramin famfon ne ya gaji, ko sifirinsa ko fistinsa. In kuma furesha na da kyau kafin filta amma ta faɗi bayanta, filtar ce, ko da sabuwa ce, don akwai jabu a kasuwa da takardarsu ke kumbura in ta sha mai.

Ɗalibin Poli: Oga ba za a iya ɗaure gejin a gilashi a hau da shi ba? Tunda matsalar sai da lodi take fitowa.

Bakaniken Gas: Ka fara zama bakanike. Shi ne ma gwajin da ya fi kowanne. A ja dogon tiyo a ɗaure gejin a waje inda direba zai hango, kada a shigo da layin mai cikin kai.

Mai Doya: Mun samo geji aro wurin wani mai gyaran janareto. A silo allura na wasa wajen 0.4. Da wuta ta ɗan haura rabi. A hawa da lodi kuwa har ƙasa take faɗuwa, kusan sifili. Da muka matse ritan a silo, nan take ta wuce 2.

Bakaniken Gas: Shi ke nan, bawul ɗin ritan ne. Kwance shi ka gani, ko sifirin ya gajarce ko ya karye, ko mazaunin ƙwallon ya cinye. Shi ne ma ya sa ta ɗan ja da safe, don bawul ɗin da ba ya rufewa yana barin ramin famfo ya zube cikin dare.

Na Maraɗi: In sifirin ne ai sai a ja shi ya ƙara tsawo, ko a sa 'yar wosha a bayansa. Mun yi haka a daji ya kai mu gida.

Yaron Mota: Wani ogana ma toshe ritan ɗin ya yi gaba ɗaya da ƙusa, motar ta yi ƙarfi.

Bakaniken Gas: Malam Na Maraɗi, a daji na yarda, ni ma zan yi don in fita. Amma sifirin da aka ja da hannu ba ya daɗewa yake komawa, kuma in mazaunin ne ya cinye ko ka ƙara masa ƙarfi zai ci gaba da zurara. Abu ne da ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka, a je da tsohon a hannu a gwada zaren noti, don suna kama da juna amma ƙarfin buɗewarsu ba ɗaya ba ne.

Toshe ritan kuwa, ka gaya wa ogan naka ya cire ƙusar nan. Man da ke zagayawa ya koma tanki shi ke kwashe zafin famfo, shi ke fitar da 'yar iskar da ta shigo. In ka toshe, duk kumfar da ta shiga ba ta da mafita sai ta filanja, man kuma ya zauna yana dahuwa a wuri ɗaya. Ranar farko zai ji ƙarfi, daga baya shi zai kai famfo wurin masu saiti da ƙafarsa.

Ɗan Panteka: Bawul ɗin akwai shi a wurina, na asali da na gwanjo. Ba talla nake ba Admin, taimako ne.

Admin: Na gani, na kau da kai.

Mai Doya: Alhamdu lillahi. Da muka kwance, sifirin ya rabu biyu, guntun ya kwanta a gefe, ƙwallon ma duk ya yi tabo. Mun sa sabo. Silo yanzu 1.2, a hawa da cikakken lodi ba ta sauka ƙasa da 1 ba. Jiya na hau Hawan Kibo da doya, giya uku har inda na saba canzawa. Oga Bakaniken Gas, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Hajiya, Baba, Malam Na Maraɗi, duk na gode. Bakanikena ma yana gaishe ku, ya ce zai sayi geji.

Bakaniken Gas: Amin, Allah ya tsare hanya. Abu biyu suka rage. Tsatsar da ka gani a kofin filta daga tanki take, in ka samu ranar hutu a sauke shi a wanke. Sannan ka riƙa duba sandar baƙin mai na 'yan makonni. Ƙaramin famfo in ya tsufa yakan zurarar da gas ta wurin sandar da ke buga shi, ya gangara cikin mai. In ka ga mai na ƙaruwa da kansa ko yana warin gas, kada ka jira, canza ƙaramin famfon ɗungurungum.

Ɗan Panteka: Na ji, an ci ni wannan karon. Amma nozul ɗin da ba a taɓa gwadawa ba tun da aka sayi mota, ko ba a cire famfo ba ya kamata a kai su a ga feshinsu.

Bakaniken Gas: Wannan kam ban musa ba. Bayan kaka, in doya ta ƙare.

Hajiya Mai Tifa: Oga kafin a watse, ɗaya tifar tawa MAN ce, ita kuma baƙin hayaƙi take yi a hawa kamar ana ƙona taya. Gejin nan zai yi mata amfani?

Bakaniken Gas: A'a Hajiya, taki ba yunwar mai ba ce. A fara da filtar iska da tiyon tobo. Ki buɗe sabon zance ki sa hoton injin, mu duba a can.